FAƊUWAR GABAN INNA YELWA

Shafi na 19

Sallama gare ku, jama'ar Inna Yelwa. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in shafin nan bai fito yau ba za ta zo gida ta ƙwace min waya. Ki zo, akwai wanke-wanke yana jiran ki. Masu zagin Gambo kuma ku sassauta masa, uwarsa yake so, hanyar ce bai iya ba.

Ga wanda ya shigo mana yau: muna zamanin da aka fara jin ɗumin man fetur, a wani ƙauye bakin fadamar Auyo. Gambo, akawu a Kano, ya samar wa mahaifiyarsu Inna Yelwa kujerar Makka, ita da yayansa Ɗahiru da zai bi ta a matsayin muharrami. Ya kafe ba za ta taka jirgi ba sai da inshorar tafiya, don ya ji labarin alhazan da suka kwanta ciwo a can babu mai duba su. Kamfani ya ce sai likita ya gan ta. Likitan ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta ya daɗe, sannan ya ja Gambo gefe ya gaya masa da Turanci cewa bugun zuciyarta ba ya tafiya daidai. Gambo ya haɗiye maganar shi kaɗai. Gobe jirgin ƙasa zai kwashe su daga Malam Madori zuwa sansanin alhazai a Kano, yau kuma Bitrus, abokin Gambo mai aikin inshora, ya zo yi wa Inna tambayoyin ƙarshe.

*

Kwalekwalen bai gama tsayawa ba Bitrus ya dire, takalminsa na ofis ya nutse a laka har idon sawu.

Ɗahiru, wanda ya tsallako da shi, ya kafa gorar tuƙi ya ce, "Ai da ka jira na ɗaure."

"Na ga ƙasa ne na ɗauka ƙasa ce," in ji Bitrus, yana ɗaga jakarsa sama.

Gambo bai tsaya yi masa sannu ba. Ya riga su shiga rumfar ƙofar gida, inda Inna take zaune a tabarmar kaba, lulluɓe da farin mayafin da aka ɗinka mata don tafiya. Tun safe mata suke zuwa sallama, kowace da saƙon addu'arta, yanzu ne aka ɗan sarara.

Ya durƙusa ya rage murya.

"Inna, kin tuna abin da na gaya miki?"

"Na tuna. Lafiyata ƙalau, ina cin tuwo, ina surfe."

"Shi ke nan. Kada ki ƙara komai."

"Yau kuma kai za ka koya min magana?"

Bitrus ya shigo ya rusuna ya gaishe ta da Hausarsa ta mutanen Jos, ta amsa da fara'a. Ramatu, matar Ɗahiru, ta kawo fura a ƙwarya ta koma bakin zana ta tsaya. Shi kuwa Ɗahiru can gefen rumfar ya zauna ya jawo raga yana ɗinke inda ta yage, don ko ranar jajibirin tafiya hannunsa bai iya zama haka ba.

Inna ta dubi Gambo.

"Ka ce wa yayanka ya matso inuwa."

Kun dai san Inna da alkunya. Ɗahiru ɗan farinta ne, tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, in tana da magana sai ta bi ta kan Gambo ko Ramatu ko da yana zaune a gabanta. Ɗahiru ya ja jiki kaɗan ya ci gaba da ɗinkinsa.

Bitrus ya buɗe alƙalami.

"Mama, tambayoyi ne kaɗan. Kina tari?"

"Sai in na shaƙi barkono."

"Kin taɓa kwanciya a asibiti?"

"Allah ya kiyaye."

"Kina da ciwon zuciya?"

Ta gyara mayafi.

"Ɗan nan, wadda ta binne tagwaye, ta zo ta binne miji, ita kake tambaya ciwon zuciya? Akwai shi. Amma na bar wa Allah."

"Allah ya ji ƙansu, Mama. Ba baƙin ciki nake nufi ba. Ita zuciyar kanta, tsokar."

"Tsoka kuma? Sai ka ce a wurin mahauta."

Ramatu ta toshe baki. Gambo ya saki numfashi, a ransa an tsallake. Da Bitrus ya tsaya nan da yau ba ku da abin karantawa, amma shi mutum ne da ba ya barin aiki rabi.

"To, Mama, kina jin wani abu a ƙirji? Kamar ya buga da sauri da sauri, ya ɗan tsaya, ya sake ɗauka?"

Fuskar Inna ta washe.

"Au, faɗuwar gaba kake nufi."

Gambo ya yi tarin ƙarya.

"Inna, furar baƙo tana tsinkewa."

"Bar ni mana. Wannan ai ba ciwo ba ne, ɗan nan. Baiwa ce Allah ya yi min, duk garin nan an sani."

"Baiwa?"

"In wani abu zai faru, ni nake fara ji. Sai gabana ya yanke ya faɗi, ya yi ta fat-fat kamar an kama tantabara, har jiri ya ɗebe ni. Ranar da mahaifinsu Malam Baƙo zai tafi su a kogi, da asuba na ce masa gabana ya faɗi, ya yi dariya ya tura kwalekwale. Gawarsa aka kawo min. Tun daga ranar, ko fatake za su tashi sai sun aiko a tambaye ni."

Da alfahari take faɗa, kuma ba ta yi ƙarya ba. A ƙauyen nan in Inna Yelwa ta dafe ƙirji, mai niyyar kasuwa yakan sauke kaya, a kira yara daga bakin ruwa, a ɗaure awaki.

"Tun yaushe yake miki?"

"Tun ina goyon wannan." Ta nuna Gambo da haɓa.

Bitrus ya rufe alƙalaminsa a hankali, ya juya.

"Gambo, ba ka gaya musu ba?"

Gambo ya sunkuyar da kai.

"Gaya mana me?" in ji Ɗahiru. Allurar ragar ta tsaya a hannunsa.

"Yaya, zan yi maka bayani daga baya."

"Yi min yanzu."

Gambo ya kawar da kai. Bitrus ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ga ba makawa.

"Mama, ki yi haƙuri. Abin da kika kwatanta ɗin nan, shi ne likita ya ji a ƙirjinki. Ciwo ne. Zuciya takan buga a jere ne, taki kuma wani lokaci sai ta rikice, ta yi gudu, ta yi tuntuɓe. Ƙwayoyin da aka ba ki, nasa ne."

"Na ƙarfin jiki ne. Gambo ya ce na ƙarfin jiki ne."

"Na zuciya ne, Mama."

Ta juya ga autan nata. Ya kasa ɗago ido.

"To ranar Malam fa?" Ta dubi Bitrus. "Shi ma ciwon ne ya kifar da kwalekwalen?"

"Wannan Allah ne ya sani, ni ban isa in ce komai ba. Amma Mama, sau nawa ya faɗi aka wuni lafiya, ba abin da ya faru?"

Ramatu ta san amsar, don ita take kwance awakin da yamma in an wuni shiru. A irin ranakun nan cewa ake yi addu'a ce ta tare abin, a ƙara yin sadaka.

"Gajiya tana tayar da shi," in ji Bitrus. "Azumi, ɗaukar kaya, tashin hankali. Haka likita ya ce. Wani lokaci ma haka kawai."

Ɗahiru ya ajiye ragar a ƙasa.

"Malam Bitrus, ina da tambaya."

"Ina ji."

"A ce mutum zai yi tafiya. Ya sa ƙafa a jirgi, sai wannan abin ya buga wa mahaifiyarsa. Me ya kamata a yi?"

Bitrus bai san ramin da yake takawa ba, ya amsa da zuciya ɗaya.

"Sai a zaunar da ita a inuwa, a ba ta ruwa ta huta."

"Shi mai tafiyar fa?"

"Sai ya yi tafiyarsa."

Ɗahiru ya yi wata dariya marar daɗin ji.

Tsofaffin masu bin labarin nan kun tuna, sababbi kuma ku ji. Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, Ɗahiru ne ya zo na ɗaya a makarantarsu ta Haɗejia, aka ɗauke shi makarantar malaman dabbobi a ƙasar Jos. Gari guda aka raka shi tashar Malam Madori. Ya ɗora akwatinsa, ya sa ƙafa a matakala, sai Inna ta dafe ƙirji ta ce wa ƙanin mijinta gabanta ya faɗi. Lokacin Malam Baƙo bai shekara a ƙasa ba, wa zai yi gardama? Aka sauko da akwatin. Jirgi ya tafi, aka ba wani yaro mai suna Ari gurbinsa, yau Ari da motar gwamnati yake zuwa duba shanu. Ɗahiru ya gaji kwalekwalen ubansa, kuma duk shekarun nan yana kwana yana tashi da cewa uwarsa ta fisge shi daga bakin mutuwa.

"Makarantar malaman dabbobi?" in ji Bitrus, bayan Ramatu ta yi masa bayani a gajarce. "Ai kusa da ƙauyenmu take."

Ɗahiru ya ɗago.

"Da gaske ne akwai sanyi can, har a ɗaki ake hura wuta?"

"Da gaske ne."

"An ce min in taho da bargo biyu. Suna nan. Yarana suke rufa da su."

Ni dai nan ne idona ya kawo ruwa lokacin da nake rubutawa, ban san ku ba.

Inna ta sunkuyar da kai. Ta ƙura wa tabarma ido, yatsunta suna jan bakin mayafi.

Gambo ya matsa kusa da abokinsa.

"Bitrus, mu bar wannan. Maganar inshora muke. Ka rubuta ba ta da komai."

"Ba zan iya ba."

"Don Allah. Ɗaki ɗaya muka zauna da kai a Kano."

"Shi ya sa ba zan cuce ka ba. In ta faɗi a can, likitan can zai ji abin da na nan ya ji, su ce an ɓoye musu. Ranar da kuke buƙatar su, ranar za su juya muku baya."

"To ka ce sabo ne, bana ya fara."

"Da kunnena na ji ta ce tun tana goyon ka."

"To me za ku ɗauka?"

"In ta yi zazzaɓi, in ta faɗi ta karye, in kaya suka ɓata, duk kamfani ya ɗauka. Amma ciwon da mutum ya zo da shi, ba sa ɗauka. Duk abin da ya taso daga zuciyar nan, babu ruwansu."

"Ai shi ne abin tsoron."

"Na sani."

Gambo ya miƙe, ya kai ƙarshen rumfa ya dawo.

"To an fasa. Ba za ta je ba."

Sai a lokacin Inna ta ɗago.

"Wa ya fasa?"

"Inna, ba ki san wurin nan ba. Rana, turereniya, tafiyar ƙafa. In ya buga miki a tsakiyar jama'a wa zai tsaya? Tattake ki za a yi."

"In mutuwa ce, ina ne ya fi can?"

"Ba mutuwar nake tsoro ba. Ki kwanta a inda ba mai jin yarenki, ki nemi ruwa a rasa mai ba ki, shi nake tsoro."

"Gambo, na yi sallama da gari. Na raba awakina. Matan garin nan kowace ta ɗora min saƙonta. In wayi gari gobe in ɗauki tsintsiya, in ce musu me?"

"Ki ce Allah bai kira ba."

"Ya kira. Kai ne ka tsaya a ƙofa."

Ta faɗi haka ne hawaye na bin kuncinta. Inna Yelwa da ko ranar da aka kawo gawar mijinta sai da ta shiga ɗaki ta yi kukanta, yau ga shi a gaban baƙo.

Ɗahiru ya tashi ya gangara bakin ruwa. Suna hango shi tsaye, ya ba su baya, yana kallon shinkafar da ta sunkuya ta kusa yanka. Ya daɗe a wurin. Ya tsuguna ya wanke fuska, sannan ya hauro.

"Gambo, zauna."

Gambo ya zauna.

"Malam Bitrus, rubuta gaskiya. Abin da za su ɗauka su ɗauka."

"Yaya, zuciyar fa?"

"Abin da kamfani ya ƙi ɗauka, ni zan ɗauka."

"Ta yaya?"

"Ƙwayoyinta a aljihuna za su zauna. Inda ta taka nan zan taka. In ta gaji in goya ta, ɗawafin ma a bayana za ta yi shi. Buhun shinkafa nake ɗauka daga fadama zuwa gidan nan, Inna ba ta kai buhu ba. In ta kwanta, ni ne mai ba ta ruwa. Akwai kamfanin da zai yi mata haka?"

"Babu," in ji Bitrus.

"To magana ta ƙare. Gobe za mu tafi."

Gambo ya rufe fuska da tafin hannu, ya gyaɗa kai.

Ɗahiru ya matso ya durƙusa nesa kaɗan da tabarmar, kansa a ƙasa kamar yadda ya saba.

"Inna, kada ki sa komai a ranki. Da na ji maganar nan raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma na duba na ga ba ki da laifi. Ciwo ne ya yaudare ki, ya yaudare mu duka. Ke ma ai cutar ki ya yi. Abin da kika ji kika faɗa, kuma don ki tsare ni kika faɗa. Na yafe, duniya da lahira."

Ramatu ta share ido da bakin zane. Bitrus ya buɗe alƙalami zai ƙarasa aikinsa. Ɗahiru ya yunƙura zai tashi.

"Gambo," in ji Inna. "Ka ce wa yayanka ya zauna."

"Inna, ai an gama."

"Ka ce ya zauna."

Ya koma ya zauna.

Ta goge fuska, ta juya gefen da ba kowa, tana magana da zana.

"Mai tafiya ɗakin Allah ba ya tafiya da haƙƙin wani a wuya. Na bi garin nan gida-gida na nemi gafara, har 'Yar'azumi da muka yi faɗa a kan kaza. Mutum ɗaya ya rage."

"Ya yafe miki yanzu a gabanmu," in ji Gambo.

"Ciwo ya yafe wa. Ni bai yafe min ba, don bai san abin da zai yafe ba."

Bitrus ya fara tattara jakarsa.

"Mama, bari in ɗan ba ku wuri."

"Zauna, ɗan nan. Kai ka buɗe, ka tsaya a rufe."

Ta ja numfashi.

"Ranar tasha, gabana bai faɗi ba."



"Inna," in ji Gambo a hankali, "me kike cewa?"

"Abin da ka ji. Tun daga gidan nan har Malam Madori ina saurarensa, ina roƙon Allah ya sa ya faɗi. Ya ƙi. Lafiya lau yake bugawa kamar na jariri."

"To don me..."

"Na ga ya sa ƙafa a matakala. Na ga ƙeyarsa, irin ta ubansa sak. Uban ya ba ni baya a bakin ruwa bai dawo ba, ga wannan shi ma ya ba ni baya. Na ji ba zan iya ba."

"Sai ki faɗa mana."

"In faɗi me? A gaban ƙannen ubansa, a gaban gari, in buɗe baki in ce ɗan fari kada ka tafi ka bar ni? Da bakin da bai taɓa kiran sunansa ba? Ai da har yau ana yi da ni a gidan biki. Ba ni da kalmar da zan riƙe shi da ita, sai wannan. Sai na dafe ƙirji."

Ramatu ta zame ta zauna a ƙasa.

"Na ce shekara ɗaya ce, baɗi sai ya tafi. Baɗi ta zo ba a sake kiran sa ba. Daga nan kullum na gan shi ya dawo daga su, ƙafa duk faso, sai in ce gobe zan faɗa. Yakan ce wa yaransa ku gode wa kakarku, ba don ita ba da ba a haife ku ba. Ina ji, ina tuƙa tuwo."

Gambo ya matso kusa da ita.

"Ni fa? Ranar da zan tafi Kano ba ki ce komai ba."

"Kai ranar ya faɗi. Faɗuwar da bai taɓa yi ba, har na ga duhu."

"Kika yi shiru?"

"Na yi shiru. Na riga na kashe wa ɗaya hanya da ƙarya, na ce ba zan kashe wa na biyu ba ko da gaskiya ce. Na ce in ma wani abu ya same ka, hukuncina ne."

Gambo ya dafe kai. Shi da ya ɗauka sa'a ce ta fitar da shi daga fadama, yau ya ji da abin da aka biya masa hanya, kuma ya kasa duban yayansa.

Duk wannan Ɗahiru bai ɗago ba. Hannunsa ɗaya yana kan ƙasa, yana murza wani ɗan ɓawon gyaɗa har ya zama gari.

"Da na ji ya ce ciwo ne," in ji Inna, "na ce Allah ya rufa min asiri, in yi shiru in tafi. Sai kuma na ji ya ce zai goya ni. A bayan wanda na cuta zan kewaya ɗakin Allah, yana haki yana tausayina? Ba zan iya ba. Gambo, ka ce wa yayanka ga abin da na yi. Ka ce ina neman gafara."

Gambo ya juya ga yayansa.

"Yaya..."

"Na ji."

"Ka yi haƙuri. Uwa ce."

"Na san uwa ce."

"Ka ce wani abu."

Ɗahiru ya kakkaɓe hannu, ya miƙe. Fuskarsa ba fushi ba kuka, kuma wallahi gara a ce ihu ya yi. Ya naɗe ragarsa tsaf ya rataye a jikin rumfa.

"Malam Bitrus, ka gama?"

"Saura in san ko tafiyar tana nan."

"Taso in tsallakar da kai, kada motar Haɗejia ta wuce ka."

"Baban yara," in ji Ramatu, "don girman Allah..."

Bai waiwaye ta ba. Bitrus ya rusuna wa Inna, ya bi shi da takalmi a hannu.

Gambo ya bi su a guje har bakin ruwa, ya riƙe bakin kwalekwalen.

"Yaya, ba za ka tafi ka bar mu a haka ba. In babu kai ba za a bar ta ta hau jirgi ba, ka sani. Ni sunana ba ya ciki. Ba ta da inshora, ba ta da muharrami, sai kai."

"Na sani."

"To za ka je?"

Ɗahiru ya zare gorar tuƙi daga laka. Ya ɗaga kai ya dubi rumfar. Inna ta taso ta tsaya riƙe da ginshiƙi, farin mayafinta ya zame zuwa kafaɗa, kuma karo na farko a rayuwarta kallon sa take yi kai tsaye.

Shi ne ya kawar da ido.

"Yau a Auyo zan kwana. Ka faɗa mata gobe ku kai ta tasha da kayanta."

"Alhamdu lillahi. To a can za mu haɗu?"

"Ban ce ba."

"Yaya..."

"Ka faɗa mata ta tsaya ta jira. In ta gan ni, mu tafi. In jirgi ya tashi ba ta gan ni ba, a sauko mata da akwatinta ta dawo gida. Ana dawowa, ba a mutuwa."

Ya cire hannun Gambo daga bakin kwalekwalen, ya tura.